Adireshin Gida a Rajistar Shafi

Tana shigowa shagon ta tarar da maigidanta da abokinsa Injiniya sun haɗa kai a kan waya ɗaya, keken ɗinkin da ake gyara an bar shi a kwance a kan tebur.

"Yauwa, maman yara, zo ki ji da kunnenki," in ji maigidan.

Injiniya dai bai taɓa ɗaura ko noti ɗaya ba a rayuwarsa, yawan bayani ne ya ja masa sunan. Ya gyara zama.

"Madam, duk wanda ya ɓoye sunansa a rajistar shafin intanet, injin bincike ɗaukarsa yake ɗan damfara. Sai ya wurga shi can ƙasan jeri, inda ko ƙuda ba ya zuwa."

Ita ce ta buɗe wa shagon shafin intanet. Ranar rajista ta cika adireshin gidansu da lambarta, ba ta san kowa na iya dubawa ba. Wata rana da hantsi, tana ita kaɗai a gida, wani ƙato ya buga ƙofa ya ce gyara ya kawo, alhali hannunsa babu ko allura. Nan ta gane a rajistar ya samo adireshin. Ta roƙi a ɓoye bayanan, maigidan ya ƙi, don rabin masu kawo masa aiki ta shafin suke zuwa.

"To yanzu mu ne na nawa?" ta tambaya.

Maigidan ya rubuta gyaran keken ɗinki a injin binciken, ya danna, ya ɗaga wayar kamar ya ci kofi.

"Na ɗaya! Wata huɗu ke nan ba wanda ya ture mu."

"Kin gani?" in ji Injiniya. "Amfanin barin komai a fili ke nan."

"Haka ne," in ji ta. "Ɗan buɗe rajistar, ka karanto mana adireshin."

Injiniya ya buɗe da ƙarfinsa. Ya ja sama, ya ja ƙasa, ya goge gilashin wayar da rigarsa. Babu suna, babu lamba, babu unguwa, sai layi ɗaya da ke cewa an ɓoye bayanan mai shafin.

"Tun yaushe?" Muryar maigidan ta yi ƙasa.

"Wata biyar. Washegarin zuwan mutumin nan na ɓoye su." Daɗi ya cika ta har ta kasa riƙe dariya. "Hotunan aikinka da nake sawa duk mako da yabon masu kawo gyara, su suka ɗaga mu, baban yara. Injin ba ruwansa da inda nake shanya kaya."

"Ƙila bai lura ba tukuna," in ji Injiniya, amma ba wanda ya kalle shi.

Maigidan ya daɗe yana juya sukurdireba a hannu.

"Da mun faɗo fa?"

"Da na gaya maka a ranar. Kuma da ban sake buɗe bayanan ba."

Ya dube ta, ya gyaɗa kai, ya jawo mata kujerarsa.

"Injiniya, matsa mata. Daga yau maganar shafi ita za ka riƙa tambaya."