Abin da Hajiya Sabuwa Ta Tsince

Shekara biyu Najiba ta yi a wata jami'a a Tianhe, can ƙasar waje, tana binciken cutar da ke ruɓar da karan kanola, shukar nan mai rawayan fure da ake matse mai daga irinta. Cutar kan bar wasu baƙaƙen ƙwayoyi a cikin kara, kamarsu ɗaya da kashin ɓera. Ranar Asabar, a wata gona can arewa da birni, ta samo waɗanda magani ba ya kashewa, cikin tafin hannu guda, gauraye da iri. Washegari manomin ya ƙone gonarsa. Digirinta kaf yana cikin wannan ɗan abin.

Ɗakin gwaji a rufe yake sai Litinin, sai ta kawo su gida a baƙar leda, ta ajiye kusa da ledar ganyen shayin da za ta aika wa mahaifiyarta Kano. Ita ma baƙa ce.

Litinin da safe ta kwance ledar a gaban Farfesan da ke duba aikinta. Ƙamshin shayi ya tashi. Farfesa ya dubi ganyen, ya dube ta, sannan ya dubi agogo.

A tsakar gini ta kira Alhaji Barmo, ɗan kasuwar da ta ba saƙo jiya.

"Kawu, ledar nan..."

"Lafiya lau take, 'yata. Amana ce, ban buɗe ba."

"Tana ina?"

"Kayana sun yi nauyi, na ba Hajiya Sabuwa. Tana ɗaurin kaya a unguwar Guangyuan. Sha biyu za mu kama hanyar filin jirgi."

Sha ɗaya saura kwata. A jirgin ƙasa ta tsaya tana auna masifu biyu: ko a kama tsohuwa a filin jirgi da cutar shuka, ko a bar ta ta wuce, cutar ta sauka Kano a matsayin tsaraba.

Ta sami Hajiya Sabuwa a wani sito bayan kantunan tufafi, zaune kan dila, mayafi ɗaure a ƙugu, tana ba mai sito umarni da Hausa.

"Sannu da aiki, Hajiya. Ni ce mai saƙon Alhaji Barmo."

"Au, ke ce 'yar bokon? Zo nan." Ta zaro ledar daga jakarta. "Ni ba na ɗaukar abin da ban gani ba, Alhaji ne mai yawan imani. Yanzu fisabilillahi haka za ki aika wa uwarki habbatussauda, duk kashin ɓera?"

Najiba ta karɓa, ta buɗe. Iri ne zalla, tsaf, ko ɗigon baƙar ƙwaya babu.

"Tun hantsi nake tsinta, ga idona ba lafiya. Ba sai kin gode ba."

"Ina kika zuba, Hajiya?"

"Me?"

"Kashin."

Hajiya ta daɗe tana kallonta, sannan ta nuna bayan buhuna da baki. "Can, wajen 'yan'uwansa."

Najiba ta janye buhu. A gindin bango ga su nan birjik, sun ninka nata sau biyar. Mai sito ya taso yana kaɗa hannu, "Meiyou, meiyou!", wai shi sitonsa babu ɓera, ya ɗauko tsintsiya. Ta tare shi da jikinta.

Abu ɗaya ta sani: ƙwayar cutar fara ce a ciki. Ta durƙusa, ta ɗauki ɗaya, ta fasa da farce. Na ɓera ne. Na biyu ma haka. Ta fasa na uku.

Fari fat.

Ta shimfiɗa hankici, ta fara kwashewa duka, nata da na masu gida. A ɗakin gwaji a raba gardama.

Hajiya Sabuwa ta gyara zama kan dila.

"'Yar nan, shekara nawa ya rage miki a karatun nan?"

"Ɗaya, Hajiya."

"To, Allah ya sa a dace. In na je me zan ce wa uwarki kina yi?"