Baba Mai Ba da Hannu

Kwana arba'in da ɗaya ke nan da matattu suka daina kwanciya, ranar da Auta ta hau tsani ta leƙa tankin gidan burodi, ta ga ruwan da ya rage bai kai tsawon yatsa ba. Ta sauko ta faɗa wa mutanen gidan.

Su tara ne a gidan. Ranar farko suka faɗo ciki saboda ƙofarsa ta ƙarfe ce, suka tarar da buhunan fulawa har rufi, sai zama ya kama su. A waje kuwa, duk wanda ciwon ya kashe tashi yake ya bi titi, ba ci ba sha ba magana, sai in ya ji motsin mai rai ya yi kansa da haƙora. Wanda aka ciza, kwana ɗaya ya bi sahu. Mutane suka rasa sunan da za su ba su, suka ce masu yawo, don dai baki ya sami abin faɗa.

Da kiɗa ya canza, rawa ma ta canza: darajar mutum ta koma abin da hannunsa ya iya. Makanike, wanda ya naɗa kansa shugaba ba tare da kowa ya roƙe shi ba, ya fi kowa son wannan zance. Kullum sai ya zauna a kan buhu ya jero su. Nas tana ɗinke rauni. Mahauci ya san inda ake sa wuƙa sau ɗaya a gama. Mai burodi na iya tayar da wuta ko da jiƙaƙƙen kwali. Auta tela ce, ita ta ɗinka wa kowa hannun riga na buhu ninki huɗu, wanda haƙori ba ya hudawa. Shi kansa Makanike ba kwaɗon da ke gagararsa in ya sami guntun waya. Har wani ma'aikacin banki mai digiri biyu an samar masa amfani, shi ke zubar da bokitin bayan gida, kuma a gaskiya ya ƙware. Amma in jeren ya iso kan mahaifin Auta, sai Makanike ya yi tari ya wuce.

Baba mai ba da hannu ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a tsaye kan ɗan dandamalin siminti a tsakiyar babbar mararrabar da ke ƙarshen layinsu, yana tsayar da wannan yana sallamar wancan. Abin da ya tsira da shi daga aikin shi ne gwiwa mai ciwo, da usur, da rigar aiki, da farar safar hannu. Yanzu da ba mota ko ɗaya a titi, wa zai ba hannu? Tun da Mama ta fita ranar farko ba ta dawo ba, ba ya magana sosai. Ya hau rufin gidan da safe, ya zuba wa mararrabar ido har rana ta faɗi. Auta na ganinsa tana jin tausayinsa, ta ɗauka baƙin ciki ne kawai ke kai shi can.

Da labarin tanki ya bazu, kowa ya san abin da ya rage. A tsallaken mararrabar akwai makarantar sakandare mai doguwar katanga, da famfon tuƙa-tuƙa a tsakar fili. Taku ɗari uku ne kawai. Sai dai mararrabar nan ba ta rabuwa da masu yawo, ɗaruruwa, suna kaiwa da komowa.

“Gudu za mu yi,” in ji Makanike. “Kowa ya ɗauki abin da bayansa zai iya. Fulawa ta haƙura. Wanda kuma ƙafarsa ba za ta iya ba…” Ya kalli gwiwar Baba, ya kalli rufi.

“Ƙarasa mana,” in ji Auta. “Bakin da ke jero mu kullum yau ya yi nauyi?”

“Ni ban kira sunan kowa ba.”

“To ni zan kira. In Baba bai tafi ba, ba inda za ni. Ku cire hannayen rigar da na ɗinka muku ku ajiye, mu ga yadda waya za ta tare muku cizo.”

Baba na gefe yana murza gwiwarsa. Bai ɗaga kai ba ya ce, “Suna tsayawa.”

Aka juyo gare shi.

“Wata guda ina kallonsu. Kowa hannunsa yake bi, ba mai shiga hannun wani. In sun iso farin layi sai su rage tafiya, su ɗaga kai wajen dandamalina. In ba su ga kowa ba, su wuce. Direbobi ne, da ’yan kasuwa, da malaman makaranta. Tun wasunsu na rarrafe nake tsayar da su. Kai ya mutu, amma ƙafa ba ta manta ba.”

Makanike ya yi dariya har da buga cinya. “Baba, gawa za ka ba hannu? In ta ƙi tsayawa fa, ka rubuta lambarta?”

“Hali zanen dutse ne,” in ji Baba. “Ku loda fulawar a amalanke. Ba wanda zai yi gudu.”

Aka yi ta ja-in-ja. Nas ce ta raba gardamar, ta ce ruwa ba ƙoshi ba ne, wanda ya isa famfo ba abinci ya ƙara wa kansa sati biyu ne kawai. Auta kuwa ta ja mahaifinta bayan tanda.

“Baba, don maganar wancan mai bakin ne? Ba sai ka nuna wa kowa komai ba.”

“Auta, kin taɓa ganin an yi karo a gabana?”

Ba ta taɓa gani ba. Ta kuma gane ba ta taɓa tsayawa ta kalli aikinsa ba, ko sau ɗaya.

Suka zaɓi tsakar rana, lokacin da zafi ke sa masu yawo nauyin jiki. Baba ya karɓi rabin kofinsa na ruwa, bai sha ba, ya wanke safar hannu da shi. Ya goge rigar aiki da gindin farantin gashi mai zafi. Auta ta miƙa masa hannun riga na buhu, ya girgiza kai, ya ce in suka gan shi da buhu ba za su gane shi ba.

Makanike ya zare sakata. Baba ya fita shi kaɗai.

Ta kafar ƙofa Auta ta ga abin da ya fara ɗaure mata kai: ɗingishin ya tafi. Tsohon da ke hawa tsani yana nishi, ga shi yana taka titi kafaɗa a miƙe. A bakin mararrabar ya tsaya, ya sa usur a baki, ya busa sau ɗaya, doguwa.

Ɗaruruwan kawuna suka juyo lokaci guda. Auta ta cije hannunta don kada ta yi ihu. Suka taso masa, wasu ba leɓe, wasu suna jan ƙafa, warinsu na isowa har ƙofar gidan burodi. Baba ya ɗaga hannun dama, tafin a buɗe, fari tas a cikin rana.

Na gaba, wani ƙato mai yagaggen kwat, ya yi taku biyu, ya yi na uku, ya tsaya cak a kan farin layi. Na bayansa ya yi karo da shi, ya tsaya. Tsayuwar ta bi ta cikinsu tana komawa baya, sahu bayan sahu, har inda ido ya ƙare.

“Ikon Allah,” in ji Mahauci a hankali.

Baba ya ratsa ya hau dandamali. Ya juya hagu, ya busa gajera, ya ɗaga ɗayan hannun, wancan titin ma ya tsaya. Ya juya a kan dunduniya, ya nuna na uku da yatsa, ya kafe su da ido, suka tsaya. Ba wanda ya taɓa jin shiru irin wannan a mararrabar. Auta ta zuba masa ido. Wannan mutumin ne ke gyangyaɗi a kan tabarma da rediyo a ƙirji, wannan ne ba ya iya zura zare a allura? Mamaki ya cika ta, da alfahari, har ta manta da tsoro. Sai Baba ya karkata haɓa wajen gidan burodi, ya yi musu alamar su taho.

Suka fito da amalanke, buhu goma sha biyu a kai, maza huɗu na turawa. Suka wuce ta gaban fuskokin da ke kallon hannun Baba kawai. Biyu ne suka fasa layi, dukansu da hular kwano a ka.

“’Yan babur,” in ji Mahauci. “Waɗannan da ransu ma ba su ji magana ba.” Ya tare su, ya yi aikinsa, ya goge wuƙa.

Saura kaɗan su tsallake, ƙafar amalanke ta faɗa rami. Suka tura, ta ƙi. Makanike ya durƙusa yana zagi ƙasa-ƙasa, ya ce sai an sauke buhu huɗu. Auta ta waiga. Hannun Baba na sama har yanzu, amma daga nan tana ganin yadda kafaɗarsa ke karkarwa.

A lokacin ne wata mace ta fito daga cikin sahun gabas, ta taka farin layi ta wuce kamar babu shi.

Abin da Auta ta fara ganewa shi ne zanen, shuɗi mai ɗigon fari, ita Auta ta kashe masa baki da hannunta. Mama ce. Ta rame, gefen wuyanta ya yi baƙi, hannayenta biyu a gaba kamar mai riƙe da kwano, alhali ba komai a ciki. Sai yanzu Auta ta ga kuskuren da suka tafka, ita da mahaifinta, su da suka fi kowa sani. Shekara talatin, kullum tsakar rana Mama ke kai masa abinci. A duk garin ita kaɗai ce ba ta taɓa jiran hannu ba, don da ya hango ta yake tsayar mata da titi huɗu.

Mahauci ya gyara riƙon wuƙa. Baba ya girgiza masa kai sau ɗaya, bai sauke hannu ba. In ya sauke don ya kare kansa, ɗaruruwan nan za su rufto kan amalanke.

Mama ta iso gindin dandamali. Tsakaninta da ƙafarsa bai fi kamu ɗaya ba.

Mama ta tsaya. Ta ɗan ja gefe, wajen da inuwarsa ta faɗi, ta sunkuyar da kai tana jira. Ba ta taɓa katse masa aiki ba.

“Ku tura,” in ji Nas, hawaye na bin fuskarta. “Don girman Allah ku tura.”

Suka haɗa ƙarfi suka tura, amalanke ta fita daga ramin. Makanike ya ruga ƙofar makaranta, don sauri har waya ta faɗi masa sau biyu kafin kwaɗon ya buɗe. Kowa ya shige, ban da Auta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon mahaifinta shi kaɗai a tsakiyar matattu.

Baba bai yi sauri ba. Ya juya ga titin arewa, ya lanƙwasa hannu, ya sallame su zuwa yamma. Suka motsa, suna bi ta gefen dandamali, ba wanda ya goge shi. Ya sallami na kudu. Ya sallami na gabas. A hankali mararrabar ta zube ta hanyar da ya nuna, har sautin jan ƙafa ya yi nisa. Saura mutum ɗaya.

Ya cire usur daga baki. Ya daɗe yana kallon matarsa. Sannan ya taɓa ƙirjinsa da yatsa biyu, ya nuna mata hanyar gida. Auta ta san alamar tun tana goye: yi gaba, ina tafe.

Mama ta juya, ta kama hanya, hannayenta har yanzu a gaba.

Sai da ta sha kwana Baba ya sauko. Ɗingishin ya dawo ninki biyu. Makanike ya fito da gudu ya ba shi kafaɗa, ya shigo da shi. A cikin fili an riga an fara tuƙa famfo, ana jin ruwa na dukan bokiti, ma'aikacin banki na dariya kamar yaro. Nas ta kawo kofi cike. Baba ya karɓa, bai kai baki ba. Idonsa na kan titi ta tsakanin ƙarafan ƙofa.

“Baba, sha mana.”

“Na yi mata ƙarya, Auta. Tun da na aure ta, ban taɓa ce mata ina tafe na ƙi zuwa ba.” Ya juya kofin a hannunsa. “Za ta zauna a bakin ƙofa. Kin san ta, ba ta cin abinci sai na shigo.”

Auta ta dube shi. Ta ga yadda ƙafarsa mai lafiya ta karkata wajen titi. Ta sa hannu ta kama wuyan hannunsa, ta riƙe da duk ƙarfinta.

“Makanike,” ta ce, “rufe ƙofar.”

Ya rufe. Ba ta saki hannun ba.