Zanen Auta a Shafi na Tara

Su arba'in da bakwai ne a aji biyar, littafin kimiyya kuwa guda ɗaya tak. Shi ma yana kulle a kabad ɗin Hedimasta, don kada yara su yaga shi. Malamar kimiyya takan aro shi da safe, ta yi ta kwafe darasi a allo har hannunta ya yi fari fat da alli. Auta, da ke zama a bencin ƙarshe, rabin rubutun take hangowa.

Ana nan sai Malama ta samo wani littafi a intanet. Marubuciyarsa ta rubuta a bangon cewa kowa na iya buga shi, ya gyara, ya raba, muddin ya ambaci sunanta. Malama ta sauƙaƙa bayanin, ta cire hotunan tsirran da yaran ba su taɓa gani ba, ta sa su zana waɗanda ke bayan aji. Waken da Auta ta zana yana tsiro ya shiga shafi na tara. Da aka buga littafin, kowa ya samu nasa kwafin.

Saura mako biyu jarrabawa sai ga Sufeton makarantu. Ya ɗauki na Auta, ya jujjuya, ya haɗe rai.

"Wa ya ba ku izinin kwafar littafin mutane? Hedimasta, a tattara su duka."

Hedimasta ya hau share gumi. "Ranka ya daɗe, ni dai nawa yana kabad, sabo fil."

Auta ta miƙe. "Yallaɓai, don Allah a duba bangon baya."

Sufeto ya gyara tabarau. Ga sunan marubuciyar, ga izinin da ta bayar, ga kuma abin da Malama ta ƙara: gyaran malamar kimiyya, zanen 'yan aji biyar, wanda ya so ya buga ya ƙara nasa.

Ya buɗe shafi na tara. "Wa ya zana waken nan? Saiwar ai ta fi ganyen tsawo."

"Haka take, Yallaɓai. Sai da na tono na gani."

Aji ya kwashe da dariya, har da Sufeto. Ya juya ga Malama. "Ina da makarantu goma sha biyu da ba su da littafi. Za ki tura min shi?"

"Yanzun nan ma," in ji Malama. Yara suka kaure da tafi.

Auta ta zauna rungume da littafinta. Ta gane cewa ba sace shi suka yi ba, ba su aka yi, kuma yanzu su ne masu bayarwa.