Bangon da Ya Karkace

A zangon karatu na biyu ne malamar da ke koyar da su harkar filaye ta ba su aikin gida. Ta ce kowa ya je ya auna gidan da yake kwana, ya zana shi, sannan ya gwada da abin da ke rubuce a takardar filin. Auta ta yi murna, don ta gaji da zaman aji ana ta maganar iyaka da mallaka alhali ko tef ɗin awo ba ta taɓa riƙewa ba. Ta aro shi a sashensu, ranar Asabar da hantsi ta roƙi yayarta ta kama mata bakinsa.

"Wai injiniya, wannan ma karatu ne?" in ji Yaya. "Da na sani ai da tela na kai ki, shi ma awo yake yi."

"Ni dai ja da kyau, kina sake shi."

Suka bi gaban gida, suka bi baya. Da Auta ta zauna ta haɗa lissafi, sai ta ga gidan ya fi na takarda faɗi da kusan mita biyu ta gabas. Ta sake aunawa har Yaya ta yi fushi ta yar da tef, amma bai canza ba. Kuma daidai wurin da ya ƙaru nan ɗakinta yake, da gadonta da tagar da take karatu a gindinta.

A makon nan aka koya musu cewa ginin da ya shiga filin wani, kotu na iya sa a rushe shi. Abin da ya fi damunta ma mahaifinta ne, wanda ya rasu tana sakandare. Ta sami Umma tana guga a tsakar gida.

"Umma, Baba ya ci iyakar maƙwabci ne?"

Umma ta ajiye dutsen guga. "Kul! Ubanki ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Sa mayafinki ki je ki tambayi maƙwabcin namu, Baba Mai Agogo, a bakinsa zai fi daɗi."

Tsohon yana shagonsa a ƙofar gidansa, ya manna gilashin gyara a ido ɗaya, ya sunkuya kan wani agogon hannu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta nuna masa zanen tana in-ina. Ya cire gilashin ya duba, sai ya ƙyalƙyale da dariya har da tari.

"Sai yau aka kama mu! To zauna." Ya tura mata benci da ƙafa. "Da aka haife ki, gidanku ɗaki biyu ne, ga ku rututu. Ubanki a motar haya da yake ja yake kwana, sauro na cinsa. Marigayiya Gwaggonki, matata, ita ta ce min, wannan lungun namu da ba ma komai da shi sai tara tsofaffin ƙarafa, me ya sa ba za mu matsar da bango ba? Ni da shi muka yi ginin da hannunmu. Shi direba, ni mai agogo. Ba ki lura bangon ya karkace ba?"

Auta ta yi dariya, hawaye na zubo mata. Tun tana yarinya take ganin karkatar nan, ta ɗauka haka bango yake.

"Baba, to a bar ni in rubuta shi, a gyara takardun."

Fuskarsa ta sauya. "Takarda tsakanina da ubanki? Ni na roƙe ku wani abu ne?"

"Ba don kai ba ne, Baba. Wata rana jikokinka da 'ya'yan Yaya ne za su tsaya a gindin bangon nan, ba wanda ya san Gwaggo a cikinsu. Wani zai zo da tef kamar yadda na zo. Ina so ya tarar da sunanta a rubuce, cewa kyauta ce."

Ya daɗe yana juya agogon a tafin hannunsa. Can ya ce, "Ikon Allah. Yarinyar da na goya a shagon nan ce take tuna min mutuwa." Ya ciro waya ya kira babban ɗansa da ke aiki a wani gari, ya buɗe muryar wayar don ta ji. Ɗan ya ce ai shi ya yi dakon bulon, har yanzu bayansa bai yafe ba, a rubuta kawai zai zo ya yi shaida.

Ranar Litinin Auta ta tsaya bayan darasi ta ba malamarsu labari. Malama ta zaunar da ita a ofis, ta nuna mata yadda ake rubuta kyautar fili, da shaidun da ake bukata, da sabon zanen da mai awo na hukuma zai tabbatar. Ta duba zanen Auta, ta yi mata jan biro a wurare da dama, ta ce ta sake.

Abin ya ɗauki watanni. Ranar sa hannu Baba Mai Agogo ya rufe shago, ya sa kayansa masu kyau, suka hau mota ɗaya da Umma zuwa ofishin filaye. Layin ya yi tsawo, Auta ta samo masa kujera. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya buɗe masa zanen, ko bai tambaya ba.

"Ka ga wannan? 'Yata ce ta zana. A jami'a take."