Uwar da ke cikin wayar Kalilu

"Inna, wai mi ya sa ba ki taɓa faɗin sunana ba?"

A gaban mutane ta yi mini wannan tambayar. Ina tsugune gindin tukunyar ɗanwake a rumfata ta Magama, dab da shingen kan iyaka, direbobin Maraɗi suna zaune kan benci suna jiran a gama duba musu kaya. Ɗayansu ya ajiye cokali yana dariya.

"Hajiya, ba ta amsa mana, mu ma mu ƙaru."

"Ke, miƙo mini yaji," na ce.

Ɗiyata ce ta fari, tana aji huɗu. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jansa jiki a gaban jama'a. Haka na tashi na ga Innarmu tana yi wa yayanmu, kuma bai taɓa zama abin magana ba. Ko a nan ba zan rubuta sunan ba. Na ɗauka ita ma ta san wannan tun tuni.

Ta miƙo yajin, amma ranar ba ta ci abinci ba. Kwanonta ya huce a gefe har ƙuda suka taru.

Da la'asar ƙanena Kalilu, mai acaba tsakanin Magama da Ɗan Isa, ya shigo neman ragowar tukunya. Da ya ji abin da ya faru sai ya fara sosa ƙeya.

"Yaya, ni fa taimako na yi. Malamarsu ta ce kowa ya rubuto insha'i kan mahaifiyarsa. Na faɗa wa waya, kafin in kafe babur ta gama. Hausa tsaf, ko ni ban iya irinta ba."

"Kai da wayar taka, karanta mini in ji."

Ya karanta. Wai kowace safiya mahaifiyata tana kiran sunana cikin murmushi, ta rungume ni, ta ce tana sona fiye da komai a duniya. Yarinyar tana bakin ƙofa, leɓenta yana motsi tare da nasa. Ta haddace. Sai a lokacin na gane: ta ɗauka haka uwar kowa take, tata ce kaɗai ba ta sonta.

Yaya zan yi mata bayani? Abin da take son ji shi ne ainihin abin da ban iya faɗa ba.

Washegari na bar wa maƙwabciya tukunya na tafi makarantar. Malama Ladi, mai koya musu Hausa, ta saurare ni har na gama, sannan ta dafa tarin littattafan da ke kan teburinta.

"Maman yara, rabin ajin nan uwa ɗaya suka kawo mini. Duk mai runguma ce, duk mai murmushi. Har na fara tambayar kaina ko matar a nan Jibiya take ban sani ba. Ban ba kowa maki ba."

"To ni yanzu yaya zan yi, Malama?"

"Ranar Asabar ta bi ki rumfa. Abin da idonta ya gani da wanda kunnenta ya ji, shi kaɗai za ta rubuta. Ke kuma kada ki gyara hali don ana kallonki."

Ban taɓa yin ciniki mai wuya kamar na Asabar ɗin nan ba. Ta zauna kan bokiti da fensir a hannu, ko tari na yi sai ta dube ni. Kalilu ya tsaya da fasinja ya ce, "A'a, yau ma'aikatan duwan masu duba kaya sun tsallako har rumfar Yaya? Ranki ya daɗe, mi aka kama?" Ba ta kula shi ba. Can da rana ta take, layin motoci ya yi tsawo, aiki ya sha kaina, na manta da ita.

Sai da muka fara wanke kwanuka ta ce, "Inna, in karanta?"

"Kunnena yana ji."

Ta karanta a hankali, tana tsayawa inda ta goge.

"Innata tana sai da ɗanwake a Magama. Ba ta faɗin sunana, ke take cewa. Da tirela ta yi baya, ta janyo ni da hijabi ba ta ko duba ba, tana zuba wa wani mai. Kullum tana cewa ƙwai ɗaya ya fashe, ba mai saye, in cinye. Yau na gani, ita take fasa shi da bayan cokali. In wani ya kira sunana, ita take riga ni waiwayawa."

Na ci gaba da cuɗa kwanon da ya riga ya fita. Ban san ina waiwayawa ba.

"Shi ke nan?" na ce.

"Saura. Ban gama kallo ba."

"To ke, zo ki ci abinci tukuna."

Ta zauna dab da ƙafata ta cinye tas, har ta nemi ƙari.

Malama Ladi ta ja mata jan biro wuri da yawa, ta kuma sa ta karanta a gaban aji. Kalilu kuwa na ce masa wayarsa ta tsaya kan neman fasinja.

Ke da kike karanta wannan, in ɗanki ya zo da aikin rubutu kan gidanku, kada ki bar shi shi kaɗai da waya. Ba ta taɓa shiga gidanki ba. Za ta ba shi wata uwa mai daɗin baki, ya zauna yana auna ki da ita, ke kina can kina hura wuta ba ki sani ba.