Nauyin da ke Ƙarƙashin Kujerar Malam

Tun ina budurwa nake bin sawun wani abu a sararin samaniya wanda ba wanda ya taɓa gani. Ba ya haske, ba ya inuwa. Mun san yana nan ne kawai saboda taurari na kewayawa da gudun da ya fi ƙarfin nauyin da ido ke gani. Da rubuce-rubucena masana ke kafa hujja a kansa. Amma maigidana, tun da ya yi ritaya, ba shi da aiki sai tsokanata.

"Farfesa," in ji shi, "ke kaɗai na sani da aka ba lambar yabo don ba ta samo komai ba."

Ranar Asabar jikoki suka zo. Ina duba aikin wata ɗaliba a falo, sai na lura sun bar talabijin, sun bar ni, suna ta kewaya kujerarsa. Mutumin da ko tatsuniya ɗaya bai iya ba. Wannan farin jini ya fi ƙarfin abin da ido ke gani.

"Malam, ɗan tashi."

"Ƙafata ke ciwo."

Na cusa hannu ƙarƙashin matashin kujerar, na zaro ledar alewa, wadda likita ya hana shi ko da sunsunawa.

"Ta yara ce," ya ce, kumatu a cike.

"To, yau dai na samo," na ce. "Taka lambar yabon kuma, likita zai ba ka ranar Litinin."