Tsamiya Ta Shiga Dajin Adirondack

Tajuddeen bai ga lokacin da kyanwar ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ba. Abin da ya gani shi ne baƙar dabbar da ke tsaye a gindin bishiya, kanta cikin kwanon da ya ajiye jiya da yamma. Beyar ce, dabbar dajin nan mai gashi da farata, girmanta ya kai na ɗan maraƙi. Butar alwala ta suɓuce daga hannunsa ta gangara kan matakalar motar. Dabbar ta ɗago kai. Ita kuwa kyanwar, Tsamiya, tsalle ɗaya ta yi ta faɗa cikin ciyayi.

"Tsamiya," ya ce, da muryar da shi kansa da ƙyar ya ji.

Beyar ta lashe sauran shinkafar, ta ture kwanon da hanci, ta juya ta shige daji ba gaggawa. Ta wajen da kyanwar ta bi.

Ya daɗe riƙe da ƙofar kafin ya sauka. Sansanin shiru. Sanyin kaka ya kori masu yawon hutu, motarsa ce kaɗai a wannan layin, tsohuwar mota mai gado da kicin da ɗan banɗaki a ciki, wadda ya saya bayan ya ajiye tuƙin bas a filin jirgin JFK.

Tafiyar nan ba tasa ba ce tun asali. Matarsa Sa'adiyya 'yar Jos ce, kullum cewa take New York gari ne da ba shi da dutse, sai gine-gine masu kwaikwayon dutse. Sun yi alkawari in ya bar aiki za su sayi irin wannan mota su bi tsaunukan ƙasar ɗaya bayan ɗaya har yammacinta. Ta rasu a hunturun bara. Duk da haka ya sayi motar. Ya zaga Catskill, ya hau tsaunukan Vermont, ya gangaro Adirondack, kyanwarta na kwance a kujerar gaba inda ya kamata ita ta zauna. Da Tsamiya yake hira a hanya. Ita yake nuna wa tafki in sun ɓullo kwana.

Kwanon nan ma gadon Sa'adiyya ne. Ba ta taɓa zuba abinci a shara ba. A gidansu na unguwar Tremont a New York, duk abin da ya rage sai ta ajiye a matakalar ƙarfe ta bayan taga, ta ce tattabaru da kyanwowin layi su ma baƙin Allah ne. Ta nan Tsamiya ta shigo musu, ramammiya, kunne ɗaya a yage. Tun bayan rasuwar, Tajuddeen ya ci gaba da ajiyewa, da niyyar ladan ya isa gare ta. Ya ga allon da ke bakin sansanin mai hoton beyar, mai hana ba dabbobi abinci. Ya ga akwatin shara na ƙarfe mai sakata. Har ya buɗe shi jiya, amma hannunsa ya ƙi juye shinkafa a kan ƙazanta. Ya ce a ransa tsuntsaye da kurege za su cinye kafin dare.

Ya saka takalmi ya bi sawu. Ya yi ta kira har maƙogwaronsa ya bushe. Ya leƙa ƙarƙashin kututture, ya tsallaka rafi ya jiƙa wando, ya dawo ya duba ƙarƙashin motar, ya sake komawa. Kowane reshe ya karye sai gabansa ya faɗi.

Wajen azahar ya hau wani falalen dutse, inda nan ne kawai waya ke kamawa. Ya fara kiran 'yarsa Fauzia. Tana aiki a asibiti, ba ta ɗauka ba, kuma bai bar saƙo ba. Ya san abin da za ta ce, da Turancinta mai sauri: ya sayar da motar ya dawo gida. Sai ya kira Abdulai, mutumin Kumasi mai shago kusa da masallacinsu.

"Alhaji mai yawon duniya," in ji Abdulai. "Ka kai Makka ne, ko har yanzu kana daji?"

"Abdulai, Tsamiya ta gudu."

"Mage ya gudu? Ai na gaya maka ka bar shi wurin matata Khadijatu. Me ya kore shi?"

Tajuddeen ya ba shi labari. Abdulai ya fara dariya har da tari.

"Beyar ya ci sadakar Hajiya? To shi ma halittar Allah ne, lada ya kai. Kai da ko lambun Central Park na cikin gari ba ka taɓa shiga ba, ka tafi kana ciyar da namun daji."

"Ba abin dariya ba ne."

Dariyar ta tsaya. Ta wayar yana jin ƙarar motoci da wani yana tambayar kuɗin doya.

"Na sani, ɗan'uwa," in ji Abdulai a hankali. "Ka dawo mana. Wurinka na sahun gaba wani ɗan Gine ya fara zama, kuma minshari yake in ana huɗuba. Mage kuwa, akwai su cike a bayan shagona, ka zaɓi wanda ka so."

"Ba kyanwa nake nema ba. Ita nake nema."

Layin ya yanke. Tajuddeen ya duba wayar, ya mayar aljihu.

Ya yi sallah a kan dutsen. Da ya koma motar, bai iya kallon kujerar gaba ba. Gashinta na nan manne a bargon. Ya ɗora ruwan shayi, ya manta da shi har ya ƙone.

Bayan la'asar ya ji kukan. Siriri, daga wajen wasu duwatsu a bayan sansanin. Ya fita da sauri, ya kira, kukan ya ɗauke. Ya san halinta: in ta tsorata ba ta zuwa don an kira sunanta. Abu ɗaya ke fito da ita, gwangwanin kifi da ƙarar cokali a jikinsa. Ya kuma san abin da warin kifi zai iya janyowa a wannan dajin.

Ya tsaya a kicin da gwangwanin a hannu. Sannan ya buɗe shi.

Ya zauna a ƙasa, bayansa jingine da tayar motar, yana buga cokalin a hankali, idonsa ɗaya a kan duwatsun, ɗaya a kan bishiyoyi. Rana ta fara sauka bayan tsauni. Sai ga kunnen nan yagagge ya leƙo. Ta fito a jiƙe, tana ɗingisa ƙafar baya. Ta yi taku biyu ta tsaya. Ta shinshina iska.

"Zo, 'yar gidan Hajiya," ya ce. "Zo mu tafi. Ba zan ƙara ba."

Saura kaɗan hannunsa ya kai gare ta sai ƙarar inji ta cika wurin. Wata motar akori-kura ta shawo kwana, tana jan wani ƙaton keji na ƙarfe yana ƙarau-ƙarau a kan tsakuwa. Tsamiya ta juya. Kafin ya miƙe, ta ɓace a tsakanin duwatsun.

Wata mata ta sauko, da kakin ma'aikatan gandun daji da bindiga a kafaɗa. Ta gaishe shi da Turanci, ba fara'a.

"Kai ne mai wannan motar? An rufe sansanin nan. Wani ya ba beyar abinci, yanzu ta fara bin ƙofofin mutane. Kowa zai fita kafin rana ta faɗi."

"Kyanwata tana cikin duwatsun can," in ji Tajuddeen. "Ba zan iya tafiya ba."

Matar ba ta kalli duwatsun ba. Hannunsa take kallo, inda man kifi ke ɗiga daga gwangwanin zuwa ƙasa.

"Tun yaushe kake ajiye abinci a waje?" ta ce.